Fankar da ke Hura Wuta da Kanta

Kawuna yana bandar kifi a cikin wani tsohon duro a bayan gidanmu, kusa da Ɗanbatta. Da na gama makarantar kimiyya, na haɗa masa 'yar na'ura: waya mai jin zafi a cikin duron, da ƙaramar fanka a bakin murhu. In zafi ya ragu, sai fankar ta hura gawayin da kanta.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wato wuta za ta riƙa tashi ba kowa a wurin?"

Na ce, "Kawu, ai amfaninta ke nan."

Ranar Juma'a muka tafi masallaci. Ina dawowa na jiyo ƙugin fankar tun daga lungu. Ashe wayar ta zamo waje tana jin sanyi, fankar kuwa sai hurawa take. Gindin duron ya yi jajur, taku biyu daga dangar kara, bayanta kuma rumbunan maƙwabta ne cike da gero.

Na fizge batirin fankar. Kawu ya iso, ya dubi karan da ya fara baƙi, ya ce kada in faɗa wa kowa. Washegari muka mayar da duron can bakin gona.