Na Ce Ban San Ta Ba, Suka Rufe Ta da Duka

Edita, ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba. A lokacin da abin ya faru ni tsohon direban babbar mota ne da ciwon baya ya sa ya ajiye sitiyari. Na yi kusan rabin rayuwata a kan hanya, daga Garwa zuwa Injamena, daga Duwala zuwa Ikko har Kumasi. Fillanci da Hausa na tashi da su, Faransanci da Larabcin Shuwa da Turancin buroka kuwa a tasha na tsince su. Matata ta rasu, 'ya'yana sun watse wurin neman abinci, sai na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Dubeli, cikin Jimeta. A da, gidan haya a Jimeta ƙofarsa a buɗe take wuni. Baƙo zai yi sallama, a nuna masa ɗakin da yake nema, wani ma ya miƙa masa ruwa. Yau ka je ka gani: ƙyauren ƙarfe a kulle, sai an leƙo ka ta 'yar taga, an ji wa kake nema da abin da ke cikin jakarka.

Ɗakuna tara ne a gidan, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Musulmi da Kirista muke zaune, kuma kowa Bappa yake kirana, wato baffa da Fillanci. Ni ke raba faɗan shara da na layin ɗiban ruwa, ni ke jan salla a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida. Mutum biyu nake so mai karatu ya riƙe. Akwai wani mahauci, ƙato mai barkwanci, ɗakinsa ne na farko kusa da zaure. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Numan, wadda muke ce wa Sista.

Abin da ba su sani ba shi ne na sauko daga mota da halin hanya. A hanya neman mata ba shi da wuya, don kowane gari kai baƙo ne, gari na wayewa ka tayar da mota. A gidan haya kuwa ko tari ka yi maƙwabci ya ji. Sai na ƙirƙiro dabara. Nakan haɗu da mace, mu yi musayar lamba, mu shirya ta waya, babu alkawarin aure, ta zo sau ɗaya ko biyu shi ke nan. Lokacina tsakanin azahar da la'asar ne, sa'ad da maza ke kasuwa da ofis, zafin Yola kuma ya kora mata ɗaka. Nakan ce ta saka dogon hijabi, ta riƙo kular abinci kamar 'yar ɗan'uwa ce ta kawo wa Bappanta tuwo, kada ta yi sallama, kada ta tsaya amsa kowa, ta wuce ɗakin ƙarshe mai koren labule. Na daɗe ina haka. Sau ɗaya mahaucin ya tsokane ni, wai 'ya'yan 'yan'uwan Bappa sun fi kifin tafkin Njuwa yawa, kullum ana kawo kula amma Bappa ya ƙi ƙiba. Muka yi dariya, na ce masa ya kula da wuƙarsa.

Sai rikicin 'yan tayar da ƙayar baya ya ƙaraso mu. Garuruwan arewacin jiha suka faɗi, mutane suka cika Yola da ƙafa, bama-bamai suka fara tashi a cikin gari. Ko'ina maganar ɗaya ce, wai 'yan mata ake ɗaura wa bam a ƙarƙashin hijabi, wai har a kular abinci ake ɓoyewa. Samarin unguwa suka kafa sintiri da gora da adduna. Muka zauna taron 'yan gida, kuma ni da bakina na kawo dokar: babu baƙon da zai wuce zaure sai ya faɗi wanda yake nema, shi kuma ya fito ya karɓe shi. Na ba su labarin yadda na ga ana yi a Injamena lokacin yaƙi. Kowa ya yaba, wai hankalin Bappa ya fi na hakimi. Na yi 'yan watanni na kame kaina, daga baya na koma. A raina dokar ta baƙin wasu ce. Kuma ban sauya komai daga dabarata ba. Ni da nake taƙamar na ga duniya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mace mai dogon hijabi, riƙe da kula a rufe, wadda ba ta amsa tambaya, za ta zama a idon mutanen da suka firgita ba.

Matar da abin ya faɗa wa 'yar gudun hijira ce daga wajen Michika, Kirista, shekarunta ba za su wuce talatin ba. Tana taya wata mai abinci aiki kusa da tasha. Mijinta ya ɓace a gudun. Mace ce mai ban dariya, Baba take kirana, takan ce wai Baba ya kamata ya nemi sandar dogarawa, ba budurwa ba. Da na faɗa mata tsarin, ta ce ita ba ta taɓa saka hijabi ba, sai dai ta ara wurin maƙwabciyarta, kuma ta tambaye ni ko ba hatsari a irin wannan lokaci. Na ce ni ne babban gidan, babu mai tare ta. Na ƙara jaddada mata cewa ko wa ya yi mata magana kada ta buɗe baki.

Ranar da muka sa ta faɗo kwana biyu bayan wani bam ya tashi a gari. Kasuwa ta watse da wuri, maza suka dawo gida tun kafin azahar. Na gan su da idona. Waya na hannuna, kira ɗaya ya isa in ce ta fasa, amma na ce wa kaina zafi zai kwantar da su. Ina ɗaki na ji muryar mahaucin yana tambayar wa ake nema. Shiru. Ya sake tambaya da ƙarfi, har da Fillanci. Shiru. Sai wata mata ta ƙwalla ihu tana kiran bam. Gida ya hargitse, ana jefa yara ɗaka, bokitai na kifewa. Ta gefen labule na ga mahaucin ya cafke hannayenta ta baya, ya ja ta a ƙasa har waje, wani ya haure kular da ƙafa ta faɗa kwata. Kafin ka ce me, 'yan sintiri sun iso. Suka fizge hijabin, suka ga sarƙa mai gicciye a wuyanta. Wannan ya ƙara tunzura su, wai me zai sa Kirista ta ɓuya cikin hijabi in ba aiko ta aka yi ba. Bayan mari na uku ko na huɗu ne ta karya umarnina, ta ce wurin tsohon da ke ɗakin ƙarshe ta zo.

Mahaucin da kansa ya zo ya ɗaga labulena. Ya ce Bappa ya fito ya ji, wata shaiɗaniya na son shafa masa ƙazanta. Na fito da farar jallabiya, carbi a hannu, mutanen da nake ja wa salla suka buɗa mini hanya. Tana durƙushe, leɓenta ya fashe, ta ɗago kai ta roƙe ni wai Baba ya faɗa musu gaskiya. Na dubi fuskarta, na dubi tasu, na ce ban taɓa ganinta ba.

Ban gama rufe baki ba gora ta sauka a kafaɗarta. Wani ya buga mata katako a hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Ta faɗi, suka bi ta da ƙafa, a ciki, a baya, a kai. Wani saurayi ya ɗago rabin bulo ya sake mata a gefen fuska. Ta daina kuka, sai wani irin numfashi kamar na akuyar da aka yanka. Na ji ana cewa a kawo taya, a kawo fetur. Na taɓa ganin an ƙone mutum a Ikko, na ga an yi a Duwala, na san mataki nawa ya rage. Na iya cewa a bar ta da harshe biyar, amma ban faɗa da ko ɗaya ba. Ina tsaye ina jan carbi.

Sista ce ta sauko daga keke napep, ta dawo daga aiki da fararen kayanta. Ba ta tambayi kowa ba, ta ratsa su ta kwanta a kan matar. Gora biyu ta samu a baya kafin su ja hannu. Tana ihu tana ce musu mahaukata, in bam ne me ya hana shi tashi tun ɗazu. Ta sa wani ya zunguri kular da dogon kara, murfin ya gangara, babu komai a ciki, ko ƙwayar shinkafa. Sai ta laluba jikin matar ta ciro wayarta, ta ce bari a ji wanda ya kira ta ƙarshe, ta danna. Wayar ta yi ƙara a aljihun jallabiyata.

Mahaucin ne ya fara, ya wanke ni da mari yana kuka, yana tambaya wai Bappa, me ya sa. Sauran suka rufe ni. Na rasa haƙora biyu, haƙarƙarina ya tsage, suka yaga jallabiyar suna ce mini tsohon banza, limamin ƙarya. Motar sojoji ce ta tarwatsa su. Ban kawo wannan don a tausaya mini ba, don abin da na samu bai kai rabin nata ba.

Ta rayu, amma idonta na hagu ya tafi, hannun kuma ya ɗoru a karkace. Na je asibiti sau biyu, ta hana a bar ni in shiga. Ta ba Sista saƙo ta faɗa mini, cewa waɗanda suka kore ta daga garinsu ba su san ta ba, ni kuwa na san ta. Da aka sallame ta ta bar Yola, ban san inda ta nufa ba. Babu wanda ya kore ni daga gidan. Sai dai in na tsaya salla kowa ya ja baya, in na yi gaisuwa a dubi ƙasa. Cikin mako guda na kwashe kayana na koma unguwar Luggere. Bayan shekaru na haɗu da mahaucin a bakin titi. Bai zage ni ba, ya dai ce har yau in ya kama hannun 'yarsa sai ya tuna hannun matar nan, kuma ni na jawo masa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan zamani da tsoro. Yanzu na daina. Tsoro ya sa suka ɗaga gora, amma kalmata ce ta ba su izini. Ina gargaɗin duk mai zama a gidan haya, tsoho ko saurayi: in za ka kira mutum inda kake zaune, ka tabbata za ka iya fitowa gaban maƙwabta ka ce baƙona ne. In ba za ka iya ba, kada ka kira. Ku kuma mata, duk namijin da ya ce ki sauya kama, ki rufe baki, kada ki ambaci sunansa, kansa yake karewa, kuma ranar da abu ya ɓaci ke kaɗai za a bari a tsakiyar mutane. Ni na tuba, ina fata Allah Ya karɓa. Amma tun daga ranar ban sake shiga gaban kowa a salla ba, ita kuma da ido ɗaya za ta ƙare rayuwarta.