Ranar da Ya Tambaye Ni Inda Nake

Ɗana yana da wata goma sha tara, ana shirin yaye shi, lokacin da waƙar ta iso ƙauyenmu. Mata ne suka kwaso ta daga kasuwar Danja, suka zo suna daka da ita. Da farko har ni ina amshi. Sai can a tsakiya na ji sunana, da sunan ubana, da Tsiga inda aka haife ni. Saura kaɗan taɓarya ta faɗo mini a ƙafa.

Wanda ya yi ta na san shi, in har wannan sani ne. Ɗalibi ne, babba da gemunsa, a zauren malamin da ke makwabtaka da gidanmu na Tsiga. Sau ɗaya magana ta taɓa haɗa mu, ina budurwa. Na kawo wa matar malam auduga, ya ce in bi ta gefe kada in taka masa takardu. Matar malam, wadda ta koya mini ɗan rubutun nan da nake yi, ta ce akwai wani tsohon littafin Larabawa da ba ya rabuwa da shi, labarin wani da ya zauce saboda mace, ya bar gida ya shiga daji yana hira da namun dawa. Malam ya ba shi ne don Larabcinsa ya ƙaru. Shi kuwa haukan ya ɗauka.

Ku ji abin da ya rera. Wai ya tsaya yana kuka a inda muka tashi da raƙumanmu. Mu da ko jaki sai mun ara! Wai ya bar ci da sha saboda ni. Wadda ta gan shi a Danja ta ce ƙwarya guda ta fura ya shanye, ya yi gyatsa, sannan ya fara kukan. Wai yawuna zuma ne. Tir.

Mata suna dariya, ni kuwa na daina amshi. Maigidana ba mai yawan magana ba ne, sai ya ƙara yin shiru. Uwarsa, wadda nake kira Inna, ta fara cewa tun da yaye ya matso, gara yaro ya saba da ɗakinta tun yanzu. Na gane inda maganar ta nufa. In aka sake ni, ni kaɗai zan koma Tsiga, yaro na gidan ubansa ne. Ga shi ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Da wane baki zan ce kada a ɗauke shi? Iyakata in ya yi barcin rana in kai yatsa kusa da hancinsa in ji yana numfashi. Ga wani ƙato can yana yawo da sunana kasuwa kasuwa, wai shi ne mai so.

Mai waƙar ya zo ƙauyenmu lokacin kaka. Muna masussuka ni da Inna muna sheƙar dawa, yaro a bayana. Tun daga nesa na gane tafiyarsa.

"Sannunku da aiki, Inna. Don Allah ina ne gidan da aka kawo 'yar Tsiga?"

Inna ta ajiye ƙwarya. "Wacce daga ciki, Malam?"

"Ai ba a haɗa ta da kowa. Fara ce, doguwa, fuska sumul kamar wata daren sha huɗu, ko ɗigon tabo babu."

Ni baƙa ce, gajera, tsagar gidanmu tun daga gefen baki har kunne. Ina tsaye taku uku daga gare shi. Ya juyo ya dube ni sosai.

"Baiwar Allah, ko ke kin san ta? Ɗan matsa can, ƙaiƙayi yana shiga mini ido."

Na matsa. Inna ta dube ni, ta dube shi, ta kama haɓa.

"Malam, sau nawa ka taɓa ganin yarinyar nan?"

"Kullum ina ganinta a zuciyata."

"To, can za ka koma ka neme ta. Nan garin ba mu da irinta, mu duk masu cin tuwo ne."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta, amma na lura daɗi ya ji. Da an nuna masa ni, da waƙa ta ƙare. Ya roƙi ruwa, ya sha, ya kama hanyar Malumfashi yana ƙara wani baiti a kan rashin sa'arsa.

Inna ta yi dariya har ta zauna a kan dami. Kafin la'asar ta kwashe labarin ta ba ɗanta, tana kwaikwayon muryar mutumin.

Da aka yaye yaron, kwana bakwai ya yi a ɗakinta. A na takwas ta kawo shi da kanta, ta dire a ƙofata. "Karɓi kayanki, ya cinye mini ƙuli." Na kawar da kai kamar ban ji ba, sai da ta ba da baya na jawo shi.