Ranar da Ƙadangare Ya Koma Ƙarƙashin Mota

Ƙadangare ake kiransa a layin gareji, domin tun yana saurayi babu motar da ba ya kutsawa ƙarƙashinta. Da ya shimfiɗa kwali, sai dai ka hango tafin ƙafarsa. Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina gida, ya karantar da 'yarsa har ta zama ungozoma a asibiti.

Sai ranar da mota ta faɗo masa. A kan jak kaɗai ya ɗaga ta, ya fizgi wani noti mai taurin kai, motar ta zame. Haƙarƙari ya karye, kafaɗa ta goce. Ƙashi dai ya ɗinke, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya dawo aiki yana taɓa na sama kawai, fulogi da batir da fitila. In gyara ya kai ƙasa, sai ya ce wa mai mota, "Gwada maƙwabcina."

Ana nan, wata safiya 'yarsa ta shigo da ƙaramar motarta tana ɗigar mai.

"Baba, in na juya sitiyari, sai motar nan ta yi shawara kafin ta bi."

Ya durƙusa ya girgiza tayar gaba, ya ji ƙwal-ƙwal. Rak ne ya mutu, doguwar sandar nan da ke kai umarnin sitiyari ga tayoyi. Canza shi kuwa sai an kwanta a ƙasa.

"Kai wa maƙwabcina," in ji shi, yana kallon gefe.

"Ubana yana raye wani ya ɗaura mini sitiyari? Gara in riƙa zuwa aiki a ƙafa." Ta ajiye makulli ta tafi abinta.

Motar ta yi kwanaki a wurin, yana kewaye ta kamar kaza ta ga wuƙa. Yayansa mai walda ya ji labari. Sai ga shi da baro ɗauke da ƙafafun ƙarfe masu faɗin gindi, waɗanda ya ƙera da hannunsa.

"Ƙanena, tsoron nan naka ya daɗe yana zaman banza. Yau sa shi aiki."

Haka kuwa aka yi. Ƙadangare ya ce ba a kan yashi ba, suka tura motar kan siminti inda ƙasa ta daidaita. Ya ja birkin hannu, ya sa weji ya tare tayoyin baya, ya ɗaure sitiyari don kada ya juya. Ya ɗaga gaba da jak, ya laluba inda ƙashin motar ya fi kauri, ya tokare da ƙafafun, sannan ya sauke nauyin a kansu a hankali. Tayoyin da ya cire ma ya cusa su ƙarƙashi.

"Yaya, jijjiga ta kamar ta zage ka."

Mai walda ya sa kafaɗa ya tura iya ƙarfinsa. Ko gezau.

Ƙadangare ya kwanta a kan kwali, ya ja jiki ya shige. Warin mai ya cika masa hanci, zufa ta keto masa. Ya kwance bututun mai. Da ya zo kan babban notin da ke riƙe da rak, notin ya ƙi. Ya cije leɓe ya fizga. Ƙas! Ya runtse ido, ya daina numfashi.

"Noti ne ya saki," in ji yayansa daga sama. "Motar tana nan kamar dutse."

Sai aka ji dariya daga ƙarƙashin mota, irin wadda layin ya daɗe bai ji ba. Maƙwabta suka ajiye aikinsu suka taru. Tsohon rak ya fito, sabo ya shiga, kafin rana ta karkata tayoyi sun taka ƙasa. Da kansa ya kai motar aka daidaita tayoyin, ya miƙa wa ungozoma makullinta a ƙofar asibiti. Ta zagaya da ita sau ɗaya, ta fito ta rungume shi, baƙin mai ya ɓata mata farar riga, ko a jikinta.

A gida, matarsa ta karɓi rigar aikinsa, ta duba bayan rigar, ta ga ya yi baƙi ƙirin da ƙasa da mai. Ta daɗe tana kallo, ido ya ciko.

"To, madalla," ta ce tana dariya. "Yau sabulu zai ji a jikinsa."