Zuliha da Hoton Wuyan Malam Ari

Zuliha ƴar unguwar Birni ce, jikar dukawa. Ubanta jakar fata yake ɗinkawa, ita kuwa aikin sakatariya ta koya, ta samu wuri a wata ƙaramar kilinik a Zinder. Ba wanda ya naɗa ta mai gyaran na'ura. Ranar da firinta ta cije takarda ta zaro ta, shi ke nan, aikin ya zama nata, kuma ba a tambaye ta ko tana so ba.

Ordinater biyu ne, wato kwamfuta, ke cin ranta. Ta ɗakin hoton ƙashi tsohuwa ce mai Linux, wani ɗan Yamai ya haɗa ta, ya bar littafin umarni da rubutun hannunsa, ya kama gabansa. Ta ofishin Likita Mahamud mai Windows ce, ita kaɗai ke da intanet. Zuliha ce ta sulhunta su. Ta buɗe dosiye guda, wato ma'ajiyar fayil, a tsohuwar, hotuna su zauna ciki, ta likita ta leƙo ta waya ta ɗauka. Ta taɓa sa kalmar sirri, ma'aikata suka kumbura, wai ana gida ɗaya ana tambayar mutum ko shi wane ne. Sai ta cire. Ramukan kile, ɗan abin nan da ake sokawa a kwashi fayil, na tsohuwar kuwa, da hannunta ta toshe su da gam, don ta gaji da masu soka kile cike da waƙoƙi da cuta.

Wata Talata aka kawo Malam Ari daga Gidimuni, ya faɗo daga kan dabino. Aka ɗauki hoton wuyansa. Likita ya duba ya ce bai yarda da idonsa ba, sai ƙwararren ƙashi na Yamai ya gani. Aka ɗauki hoton allon da salula aka aika, ƙwararren ya ce dishi-dishi ne, a turo na ainihi. Likita ya koma ofis ya danna dosiye, ta ƙi buɗewa.

Adam, ƙanin Malam Ari, ya tsaya a ƙofa. "Likita, tun hantsi muke nan. In an yi la'asar ba a ce mana komai ba, za mu ɗauke shi. Akwai mai ɗori a garinmu."

Zuliha ta san hanyar garinsu, ta san yadda mota ke jijjiga mai lafiya ma, balle mai wuya a hannun Allah. Ta bi waya daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙalau. Ta kashe ta kunna. Sunan tsohuwar na nan a allon likita, amma shiga ta gagara. Ta dubi ramukan da ta toshe, ta ji kamar ta mari kanta.

"Likita, ka taɓa wani abu?"

"Da safe ta ce za ta sabunta kanta, na ce to."

Sai ta zauna ta karanta saƙon Faransancin da ya fito a allon likita kalma-kalma. Ashe sabon tsarin ba ya shiga inda ba a tambayar suna da kalmar sirri. Ƙofar da ta bari a buɗe don a zauna lafiya, ita ce yau ta rufe.

Gyaran yana cikin baƙin allon nan na tsohuwar, inda ake rubuta umarni, wanda shekara biyar tana kauce masa. Ta ɗauko littafin ɗan Yamai, a shafin farko ya rubuta da jan biro cewa kuskure a nan yana iya shafe komai. Ta yi bismilla, ta dinga kwafa da yatsa ɗaya. Ta ƙirƙiri suna, ta sa kalmar sirri. Aka kira la'asar tana layi na ƙarshe.

Dosiye ta buɗe. Hoton ya tafi. Ba a jima ba salular likita ta yi ƙara, Zuliha ta ga fuskarsa ta canza, ba ta jira bayani ba ta ruga wurin Malam Ari.

Ta tarar maza huɗu sun kama gefen bargo, Adam ya cusa hannu ƙarƙashin kan yayansa.

"Baba, don Allah kada ku ɗaga shi," in ji Zuliha.

Likita ya shigo bayanta yana haki. "Ƙashin wuya ya tsage. Adam, ko hannunka kada ka zare."

Haka Adam ya tsaya a sunkuye, hannunsa ƙarƙashin kan yayansa, ko numfashi mai ƙarfi ya kasa yi, har aka kawo abin ɗaure wuya. Zuliha ta jingina da bango, sai a lokacin ta ga littafin yana hannunta, ta matse shi har bangonsa ya yage.