Injin Jirgin Kawuna da Ba Shi da Lamba

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam bai daɗe da kwanciya a ƙasar Ƙaraye ba, na dawo gida da takardar shaidar kammala karatun injuna. Aiki bai samu ba tukuna. Ina zaune a gidan mahaifiyata, mutanen unguwa suna kirana injiniya, ni kuma ina gyara musu cewa ban kai wannan matsayi ba. Na sake duba littafin da na yi rubutu a ciki a wancan lokaci kafin in fara wannan bayani, don kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne. Shi ya riƙa kai ni makarantar firamare a kan kekensa. Da ruwa ya rufe fadamarsa, sai ya sayar da shanun nomansa biyu, ya sayi jirgin katako da tsohon inji, ya shiga fito. Ran kasuwa yakan ɗauko mutane da buhunansu daga ƙauyukan tsallake. Masu jirage suna da tsarinsu a bakin ruwa: kowa da layinsa, kuma wanda ya yi kasuwa huɗu a jere bai fito ba, Sarkin Jirgi zai ba wani gurbinsa. Masu jira suna da yawa. Kawu ba shi da wata sana'a bayan wannan layi.

Wata rana injin ya fara tari, washegari ya ƙi tashi. Kawu ya ɗauko shi a amalanke, ya jingina shi a zauren gidanmu.

"Ɗan nan, ga abokin aikina ya yi fushi. Ku da kuka yi karatu, sai ka tambaye shi me na yi masa."

Na cire fulogi, na ɗora a jikin ƙarfe, na ja igiya. Babu tartsatsi. Ke nan matsalar ta wuta ce, kuma wannan bai ba ni wahala ba. Wahalar ta fara ne da na so in san wane inji ne, domin mai sayar da kayan gyara ba zai ba ka komai ba sai ka gaya masa iri da lamba. Na duba inda ake manna farantin lamba, na tarar da ramukan ƙusa biyu kawai. Murfin yana ɗauke da sunan wani kamfanin Japan, irin injunan da wutarsu ke fitowa daga ƙaramin baƙin akwati. Amma da na cire faifan ƙarfen da ake naɗa wa igiya a sama, babu akwati a ƙarƙashinsa. Abin da na gani shi ne kwantak da kwandansa, wato kayan tayar da tartsatsi na tsohon yayi, da kwayil guda biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba. Ɗaya ya tsage, ɗaya ya ƙone. Notukan jikin injin suna karɓar sifana mai awon inci, na kafireta kuma sai mai awon milimita. Har ramin faifan an goge shi da zarto don ya zauna.

Na sayi sabon littafi, na fara zana kowane abu da awonsa.

Kawu yana da aboki bakanike a Rogo, mai gyaran babura da injunan ban ruwa. Ya zo a rana ta uku, ya tsuguna, ya leƙa, ya shinshina kwayil ɗin da ya ƙone.

"Wannan ai aikin yini ɗaya ne," in ji shi. "In sake naɗa waya a nan ciki, in ɗaura masa kwayil na babur a waje, kwandansa kuma ta mota ta isa."

Na tambaye shi ko ya san irin injin.

"Injiniya, ni da shi ba aure za mu ƙulla ba, balle in binciki asalinsa. Wuta yake so, wuta zan ba shi."

Kawu ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na bayyana musu cewa kowane inji yana da tazarar kwantak ɗinsa da lokacin da wuta ya kamata ta tashi, kuma idan aka yi kuskure zai iya mutuwa a tsakiyar ruwa, da mata da yara da buhuna a cikin jirgi. Na ce ba zan yarda a ɗaura abin da ban tabbatar da shi ba. Har yau ban ga ƙarya a cikin maganar ba, amma na faɗe ta da muryar wanda ya san amsa, alhali ban sani ba.

Kawu ya dubi injin. Sannan ya ce wa abokinsa, "Malam, ka yi haƙuri. Abin da ɗan nan ya ce shi za a yi. Don irin wannan rana aka kai shi makaranta."

Bakaniken ya goge hannunsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau babur ɗinsa.

Kasuwa ta farko ta wuce ina aune-aune. Kafin ta biyu na tafi Kano da kwayil ɗin a aljihu, na bi rumfunan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kalli zanen murfin ya miƙo mini baƙin akwati. Wani ya ce na Ingila ne, maƙwabcinsa ya rantse na Amurka ne. Wani dattijo ya ba ni kwayil da ya yi kama da nawa ƙwarai, ya ce in tafi da shi, zai yi. Na auna, na ga ramukansa sun bambanta da na littafina da ɗan abin da bai kai kaurin ashana ba. Na mayar masa. Ya bi ni da kallo kamar mai tausayin mara lafiya.

Da na dawo, mahaifiyata ta ce kawu ya gwada fita da filafili, amma jirgin ya yi masa nauyi, kuma babu fasinjan da ya yarda ya shiga. Ta ce, "Yayana ba zai gaya maka ba, amma tuwon gidansa ya koma sau ɗaya." Na ce mata na kusa. Ban kusa ba.

Bayan kasuwa ta uku kawu ya je gaida Sarkin Jirgi, ni ma na bi shi. Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini haƙuri, ana kan gyara." Sarkin Jirgi mutum ne mai kirki. Ya ce ba shi ya kafa tsarin shi kaɗai ba, kuma idan ya karya shi don mutum ɗaya, gobe ba zai iya kallon sauran ba. A hanya kawu ya tambaye ni a hankali ko a kira mutumin Rogo. Na ce ya ba ni kwana uku. Na tuna cewa a ɗakin karatu na makarantarmu akwai tsofaffin littattafan injunan ruwa, kuma na ga wasu lambobi da aka zuba tare da ƙarfen jikin injin, a ƙarƙashin datti.

Kwana ukun ya zama bakwai. Mai riƙe da mabuɗin ɗakin ya yi tafiya, na zauna jiransa. Da aka buɗe, na sami abin da nake nema a littafi na biyar. Lambobin sun dace, zanen farantin kwantak ya dace. Gangar injin ta Amurka ce, an ƙera ta tun kafin a haife ni. Faifan na ƙaninsa ne, wato samfurin da aka fitar daga baya. Kafireta da murfi na Japan ne. Injuna uku ne aka haɗa suka zama ɗaya. Na kwafe tazarar kwantak da komai, na fito ina jin daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da na ci jarrabawa.

Na isa gida washegarin kasuwa ta huɗu. Na tarar da kawu a zaure, zaune kusa da injin. Na gaishe shi, na buɗe littafi, na karanta masa duk abin da na gano. Bai katse ni ba.

"To madalla," in ji shi. "Kayan nasa fa, ana samu?"

Na ce an daɗe da daina yin su.

"Ke nan me za a sa masa?"

Na rufe littafin. Sannan na ce sai dai a sake naɗa waya, a ɗaura kwayil na babur a waje.

Kawu ya gyaɗa kai. "Jiya aka ba da layin," ya ce. "Amma dai ka yi ƙoƙari. Ko ba komai yanzu mun san ko shi wane ne."

Babu zolaya a muryarsa. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Wanda ya karɓi gurbin shi ya sayi jirgin da injin. Mutumin Rogo ya tashe shi tsakanin azahar da la'asar, bai kuma nemi littafina ba. Injin ya yi shekaru yana fito, ban taɓa jin ya tsaya a tsakiyar ruwa ba. Kawu ya koma wajen 'yarsa a Gwangwan, yana noma a gonar surukinsa, kawun da a da shi ke ba wasu aron shanu. Duk lokacin da na je gaishe shi sai ya gabatar da ni ga mutane da cewa ga ɗansa injiniya. A can ya rasu.

Na daɗe ina neman wurin da na yi kuskure. Tsoron da na ji wa fasinjoji gaskiya ne, amma na san ba shi kaɗai ba ne. Na ji tsoron a ce ɗan makaranta ya yi zato kuma zaton bai yi daidai ba, sai na zaɓi in jira tabbaci, na manta cewa ba ni ke biyan farashin jiran ba. Da na zauna kusa da bakaniken a rana ta uku, shi da hannunsa ni da awona, da mun gwada injin a bakin ruwa kafin kasuwa ta farko.

Littafin yana gabana yanzu. Na bi shi shafi-shafi, kamar yadda nakan yi lokaci zuwa lokaci, ko zan sami lamba ɗaya da na rubuta ba daidai ba, in ɗora mata laifin. Babu ko ɗaya.