Waƙar da Wessel Ya Hana

Ranar Talata, ƙarfe bakwai na safe, ɗana Wessel ya ci burodi da cuku a tsaye. Ƙarfe tara ya hau keke ya tafi gyaran fiyanon wata makaranta a Groningen, don sana'arsa ke nan. Sha biyu ya kira ni yana mita.

"Mama, sun sake sa ta a jerin bana."

Ba sai ya faɗi sunanta ba. Waƙa ce daga wani tsohon wasan dandamali, wadda maza masu son maza suka mayar da ita takensu, suna rera ta duk shekara a gangaminsu. Wessel ne ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙansu fiyano, shekara goma sha tara. Yana ƙaunar mutanen, waƙar ce ta fita ransa.

"Kai fa ba dole aka yi maka ba," na ce.

"In na bari wa zai kaɗa? Sjoerd? Ko ƙararrawar keke ba ya bugawa daidai."

Sjoerd mijinsa ne. Ƙarfe huɗu, a wurin gwajin waƙa, zuciyar Wessel ta tsaya. Shekararsa arba'in da shida.

Ya bar wasiyya mai layi ɗaya: kada a sa waƙar nan a jana'izarsa. Na karanta wa ƙungiyar. Suka yi zama biyu, suka kaɗa ƙuri'a, suka amince da rinjayen mutum uku.

A gidan ƙona gawa waƙa uku ake ba kowa, cikin minti arba'in da biyar. Muka zaɓi biyu, muka ce ta uku a yi shiru. Ma'aikacin wurin, mutum mai kirki, ya leƙo ya ga maza sittin da tutocin gangaminsu masu launin bakan gizo, ya ɗauka mantuwa muka yi. Ya kunna waƙar da Wessel ya hana.

Maza sittin suka cije leɓe, suna riƙe alkawari. Sai a baiti na biyu Sjoerd ya karye ya fara rerawa, sauran suka bi.

Bayan an gama, a wurin shan kofi, Sjoerd ya zo kansa a ƙasa.

"Mama, ki yafe mini."

"Ka yi saurin shiga da rabin bugun kiɗa," na ce. "Da Wessel na nan, da ya gaya maka."

Sjoerd ya riƙe keken da rigunan sanyi. Kayan gyara na ba wani abokin sana'ar Wessel. Fiyanonsa na gida kuwa ƙungiyar ta roƙa da wasiƙa mai sa hannu sittin. Na kai shi makarantar kurame, inda yara ke ɗora tafin hannu a jikinsa su ji motsin sauti.