A Tsaye Ko a Zaune: Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Dokta Sada

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Dokta Sada makwancinsa, amma har yau idan mara lafiya ya ce mini "da sauƙi", sai in ji kamar yana tsaye a bayana, hannuwa cikin aljihun farar rigarsa, yana jira ya ga ko zan yarda. Abokina ne tun muna makarantar koyon aikin likita. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara huɗu, kuma ban taɓa cin sa a gardama ba, ko da ni ke da gaskiya.

A shekarar ƙarshe akan ba ɗalibi 'yan makonni ya zaɓi asibitin da yake so da fannin da yake so, ya je ya ƙaro sani. Lokacin kuɗin man fetur sun ɓarke, ana biya wa ɗalibi jirgi ba tare da dogon turanci ba, don haka yawancin 'yan ajinmu Ingila suka sa a gaba. Ni ma har na sayi kwat mai kauri. Sada kuwa ya cike takardarsa ya rubuta Katsina, fannin cututtukan cikin jiki, wato ciwon zuciya da hanta da ƙoda da sauran waɗanda ake bi da magani ba da wuƙa ba. Na ce masa lallai kansa ya taɓu. Ya ɗaga kwat ɗin ya jinjina ta, ya ce, "Lawal, in ka dawo wa za ka duba da wagga? Mutanen da za mu tsufa muna dubawa suna nan. Mu tahi mu san su tun yanzu." Har yau ban san yadda aka yi na goge Ingila na rubuta Katsina ba. Kwat ɗin tana nan a ƙasan akwati, ba ta taɓa ganin sanyin da aka saye ta dominsa ba.

Katsinar wancan lokaci takan dawo mini kamar mafarkin da mutum ya yi bayan azahar. A gidansu Sada muka sauka, a Ƙofar Durbi. Kullum da safe ya goya ni a kekensa, sababbin babura suna wuce mu suna mana oda, samari na rataye da rediyo a kafaɗa. A Babbar Kasuwa agogon hannu da kwanukan samira sai ɗaukar ido suke yi, kowa ya tabbata gobe za ta fi yau. Ɗakin maza na asibitin kuwa ba ya cikin wannan hanzari. Dogo ne, tagoginsa a buɗe, inuwar itatuwan bedi tana rawa a kan zannuwan gado. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma kamar tana gyangyaɗi. Warin maganin wanke daɓe ya gauraya da ƙamshin kunun da dangi ke kawowa, har yau idan na shaƙi irinsa sai in ji ni ɗan shekara ashirin da biyar.

Babban likitan ɗakin Bamisire ne, mutum mai haƙuri, amma ba ya jin Hausa. Ni ne tafintansa a zagayen safe, kuma ina ji da wannan muƙami. A gadon da ke kusa da ƙofa akwai Malam Mani, dattijo maɗinkin hula, wanda zuciyarsa ta yi rauni har ƙafafunsa suka kumbura. Wata safiya ana neman gado ruwa a jallo, likita ya duba ƙafafun ya ga sun ɗan saɓe, ya ce in tambaye shi yadda yake ji. Na tambaya. Malam Mani ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi." Na juya na faɗa da Turanci cewa ya samu sauƙi. Likita ya sa hannu a takardar sallama, muka wuce gado na gaba.

Sada yana wajen masu zuwa su koma a ranar, bai shigo ba sai bayan azahar. Ya tarar da dattijon zaune a bakin gado, ya ƙulle kayansa a ɗankwali, yana jiran ɗansa. Sada ya jawo benci ya zauna. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da iyali da damina, har na fara ƙosawa. Ya ce ya jiki, aka ce da sauƙi. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Malan, sallar azahar a tsaye ka yi ta ko a zaune?"

Dattijon ya dubi ƙullin kayansa. "A zaune, likita."

"Sujada hwa?"

"Kwana shidda goshina bai taɓa ƙasa ba. In na duƙa sai numfashi ya tokare mani nan."

Kunya ta sa na tsoma baki da ɗan zafi, na ce to me ya sa ya ce mini da sauƙi. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai gaishe ni ka yi, ɗana. In ce maka mi? Mutum na cikin ni'imar Ubangijinshi ya ce babu sauƙi?"

Sada ya ɗora abin sauraron ƙirji a bayan dattijon, sannan ya miƙo mini. Na ji ƙarar, kamar ana murza gashi kusa da kunne. Ruwa ne a huhu. Muka hau keke har GRA, muka taso likita daga hutun rana, ya zo ya yaga takardar da hannunsa. Daga baya ya ce da dattijon ya koma gida a ranar, da wuya ya ga Juma'a mai zuwa. Malam Mani ya ƙara mako uku, ya fita da ƙafarsa, ya aiko mana da hula ɗaya ɗaya. Tawa ta yi mini kaɗan, Sada ya ce daidai take da abin da ke cikin kan.

Faɗan da ya yi mini ke nan, sai kuma magana ɗaya a kan keke muna komawa gida. Ya ce, "Turanci ya toshe maka kunne. Da sauƙi ladabi ne. Ka amshi ladabin, sannan ka yi tambaya." Shi ba ya tambayar ciwo kai tsaye. Namiji ya tambaye shi salla, mace ya tambaye ta yaushe rabonta da daka. Da muka koma makaranta abokanmu suka zo da hotunansu cikin ƙanƙara. Mu kuwa da wannan tambaya muka koma, kuma na yi shekara arba'in ina cin abinci da ita.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga ɗaliban yau. Su ma suna zuwa mana makonnin zaɓinsu, waya a hannu, sun san abubuwan da mu ko a mafarki ba mu gani ba. Ba zai raina na'urorinsu ba, don Sada mutum ne mai son sabon abu, da shi zai fara ƙwace na'ura mai ɗaukar hoton zuciya yana wasa da ita. Ina jin abin da zai dame shi kawai shi ne babu benci a ɗakunanmu yanzu. Kowa a tsaye yake tambaya, ido a kan kwamfuta, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi gado na gaba.

Ban rubuta wannan don in yi wa yara faɗa ba. Ba ni da bakin yi. Kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa na biya ta gidansa a GRA, ina kan hanyar wani ɗaurin aure. Ya yi ritaya, na san yana fama da hawan jini. Na same shi a falo bayan la'asar, hasken yamma ya kwanta a kan labule. Na ce ya jiki. Ya ce, "Da sauƙi, Lawal." Muka yi dariyar kwat, muka tuna Malam Mani. A kusurwar ɗakin akwai darduma a shimfiɗe, a kanta kujerar roba tana fuskantar gabas. Na gan ta sarai. Na gaya wa kaina shi ne malamina a ciwon zuciya, ba ni zan duba shi ba. Gaskiyar ita ce tsoron amsar nake yi. Na duba agogo, na yi masa sallama.

Ranar addu'ar uku matarsa Hajiya Binta ta aiko a kira ni. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zarge ni da ya fi mini. Ta ce wata uku ya yi yana salla a zaune, ya hana ta gaya wa kowa. Ta ce, "Da na ji za ka zo na tashi in ɗauke kujerar, ya ce in bar ta. Ya ce Lawal likita ne, zai gani."

Ban san ko tambayata za ta ƙara masa kwana ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani shi ne ya ajiye mini tambayarsa a fili, ni kuma na tsallake ta na tafi cin shinkafar biki. Wannan yana mini ciwo, kuma shekaru ba su rage shi ba.

Babu ginin da ke ɗauke da sunan Sada, bai kuma rubuta littafi ba. Amma kwanan baya na ji wata matashiyar likita, wadda ba ta taɓa jin sunansa ba, ta durƙusa gaban wani tsoho tana tambayarsa ko a tsaye ya yi asuba. Na fita baranda na daɗe ban dawo ba. Allah Ya jiƙan Sada, Ya sa ya huta.

Bana ni ma kujera ta shigo kan dardumata. Idan 'ya'yana suka zo suka ce Baba ya jiki, na san abin da bakina zai faɗa, don haka aka rene mu. Amma na gaya wa mai ɗakina kada ta ɗauke kujerar.